Azumin da Na Yi Ina Renon Kifin Pak Rahim

Zafin nan ya dawo. Tun makon jiya Kuala Lumpur ke yin abin da ta saba idan shekara ta zagayo nan: da safe rana ta fito tas, kafin azahar riga ta manne wa mutum a baya, sai wajen la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a saki tsawa, a kece da ruwa. Jiya ina tsaye a bakin wani shagon yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman ina jiran ruwa ya tsagaita, aka yi wata tsawa, fitilun shagon suka lumshe suka dawo. Mutane suka yi dariya. Ni kuwa sai na ƙame a inda nake, har mai shagon ya turo mini kujera yana tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiya lau. Ina zan fara yi masa bayanin cewa irin wannan tsawar ce ta ɗauke mana wuta a azumin shekarar kulle?

Ni 'yar Yawuri ce, 'yar masunta. Na tashi ina jin ƙarnin kifi a zanen mahaifiyata, ina ganin mahaifina yana ɗinkin taru a gindin mangwaro. Da aka ɗaura mini aure da Isa, wanda ya zo ƙasar nan karatun kiwon kifi, yayyena suka yi ta tsokanata wai na tsallake teku don in huta da kifi, ga shi na faɗa hannun malaminsa.

Isa yana karatu yana kuma taya wani dattijo ɗan ƙasar aiki, Pak Rahim. Tsohon masunci ne daga wani ƙauye a bakin teku, inda wani ƙaramin kogi yake shiga ruwan gishiri. Da kifi ya yi ƙaranci a koginsu, sai ya rage kamun sayarwa, ya koma ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido a jirginsa. Su jefa ƙugiya, su kama, su ɗauki hoto, su mayar da kifin ruwa. Kafin su tafi kuma a ba kowa 'ya'yan kifi a bokiti ya saki a kogin da hannunsa, a ba shi dashen bakau, itacen nan da ke tsiro cikin laka, ya kafa a gaɓa. Kifin da suke mayarwa siyakap ake ce masa a nan. Ranar da na fara ganinsa na ce wa Isa ai wannan giwan ruwa ne. Ya ce ɗan'uwansa ne, sai dai shi a kogi yake girma, in ya isa haihuwa ya gangara teku, 'ya'yansa su sake hawowa. In kogi ya mutu, ba su da wurin hawa.

Ofishin da baƙi ke zuwa yana unguwar Sri Petaling a nan Kuala Lumpur, a ƙasan wani bene. Tankunan roba na renon 'ya'yan kifin suna bayansa, ƙarƙashin rumfar kwano. Mu muna sama, ni da Isa da 'yarmu Amal, wadda lokacin ba ta shiga makaranta ba. Ɗakin da ke kallon namu na Rifkatu ne, 'yar Kafanchan, ita ma ɗaliba. Mukan gaisa a matakala, ta aiko mana da abinci ranar Kirsimeti, in aika mata ranar Sallah. Iyakarmu ke nan.

Ana gab da rufe gari saboda annobar da ta ɓarke aka kawo sabbin 'ya'yan kifi, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Da aka sanar da dokar kulle, Isa ya ce zai je ƙauye ya taya Pak Rahim jawo jirgin baƙi kan tudu, ya kwana ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa ya ce, "Maman Amal, ki dai kula kada injin iskan nan ya tsaya. Sauran duk mai sauƙi ne."

Ina wanke wa Amal kai ne, ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Bai dawo washegari ba. An kafa shingaye a hanyoyi, shi kuma ba shi da takardar da za ta wuce da shi, ga shi baƙo. Aka ce mako biyu ne. Da suka cika aka ƙara, da suka sake cika aka sake ƙarawa, har muka daina tambaya.

Ban taɓa sanin garin nan yana da tsuntsaye haka ba sai da motoci suka yi shiru. Titin gabanmu, wanda ko tsallaka shi sai ka yi da gaske, ya koma fayau, kyanwa tana kwance a tsakiyarsa. Abin da ke keta shirun kawai shi ne jiniyar motar asibiti. In na ji ta daga nesa sai in tsaya da abin da nake yi, in bi ta da kunne har in tabbatar ba layinmu ta shigo ba.

Kullum in na idar da sallar asuba sai in sauka. Abu na farko, in kasa kunne tun daga matakala in ji gurnanin injin iska. Sai in leƙa tankunan ɗaya bayan ɗaya, in watsa abinci, in ga ruwan ya ɓarke da motsi. In sa tiyo in zuƙe ƙazantar da ta kwanta a ƙasa, in ƙara ruwan da ya kwana a ganga. Kafin in gama rana ta hau, kwanon rumfar ya fara ƙas-ƙas don zafi, gumi yana shiga mini ido. In hau in yi wa Amal wanka, in dafa abin da ya samu, in wanke hannu, in goge marikin ƙofa, in sake wanke hannu, har fatar yatsuna ta fara tsagewa. Akwai kuma wani abu da nake yi wanda ban gaya wa kowa ba. An ce cutar tana ɗauke wa mutum jin wari da ɗanɗano. To kowace safiya sai in buɗe gwangwanin daddawar da na zo da ita daga gida, in kai hanci. In warin ya bugo ni, in ce alhamdulillahi, yau ma na tsira.

Tsorona bai tsaya ga mutuwa ba. Abin da ke hana ni sakat shi ne: in aka zo aka ɗauke ni, wa zai riƙe Amal? Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta amsa maka da Turanci, ba ta san kowa a garin nan ba sai uwa da uba. A wayoyinmu kuma labarai ba sa yankewa. Aka ce an zagaye wasu benaye a wajen Masjid India da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita. Aka ce wane ya fita sayen burodi an tsare shi. Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙari, ba mai iya faɗa maka. In zan je kedai, ɗan kantin da ke ƙarshen layi, sai in ɗaura takunkumi, in soke fasfo a cikin riga, in kulle Amal a ɗaki da wayata tana kallon katun, in tafi da sauri. A ƙofar kantin su saita mini na'urar auna zafi a goshi. Wannan ɗan tsayawar kafin a ce in wuce, har yau ban manta ta ba.

Baƙi sun daina zuwa, abin da Isa ke samu ya tsaya cak. Nama ya fara fita daga tukunyata, sai ƙwai ya bi shi. Muka koma shinkafa da manja da ɗan yaji, wata rana kifin gwangwani guda in raba shi biyu. Kukar da na zo da ita na riƙa ɗiba da bakin cokali.

Sannan abincin kifin ma ya ƙare, shagon da ake saya kuma a rufe. Wata safiya na leƙa tanki na ga wani ɗan babba a cikinsu yana yawo da wutsiyar ɗan'uwansa a baki. Na kira Isa.

"Sun fara cin junansu," na ce.

"Halinsu ne in sun ji yunwa. Dole a raba manya da ƙanana, kowa da tankinsa. Kuma a samo musu kan kifi da kayan ciki a kasuwa, a daddatsa."

"Baban Amal, ni kaɗai?"

Ina jin kukan kaji a bayansa. Ya ce, "Pak Rahim ya ce in abin ya fi ƙarfinki ki bar su. Ya ce rai ya fi kifi." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma kullum sai ya tambaye ni su."

Na ƙwanƙwasa wa Rifkatu ƙofa. Ta buɗe ta katako ta bar ta ƙarfe a kulle, ta ja da baya, fuskarta a rufe da takunkumi.

"Maman Amal, lafiya? Wani ba shi da lafiya ne?"

"Duk lafiyarmu ƙalau. Hannu nake nema."

Na yi mata bayani. Ta dube ni ta cikin ƙarfen nan ta ce, "Kifi? Ana ta kai, ke kina ta kifi?"

"Amana ce aka bar mini."

"Kina tari?"

"A'a."

"Yarinyar fa?"

"Ba ta yi."

Ta rufe ƙofa. Na juya ke nan na ji ƙarar mukulli. Ta fito da safar hannu ta wanke-wanke har gwiwar hannu, ta ce, "Na gaji da magana da bango. Mu je. Amma ki tsaya can, ni in tsaya nan."

Tsayawa can da nan ɗin bai yi ƙarko ba. Ba a raba kifi daga nesa. Ni in kamfato su da rariya, ita ta tara roba, mu tsince manyan da hannu, kawunanmu suna gugar juna. Ƙayar bayansu ta sossoke mu. Rifkatu ba ta taɓa riƙe kifi mai rai ba, in ya yi tsalle sai ta yi ihu ta kira sunan Yesu, ni kuma in yi salati, Amal tana zaune a matakala tana ta ƙyalƙyala dariya. Daga ranar muka raba aiki. Ita ke fita kasuwa da katinta na makaranta, ta roƙo kawunan kifi da hanji wurin wani mai kifi, ta haɗo da cefanenmu gaba ɗaya. Ni in daddatsa a kan katako, ƙudaje suna bin mu. Tukunyarmu ma ta koma ɗaya, don ita ma kuɗin makarantarta sun maƙale a gida.

A haka azumi ya same mu. Ba masallaci, ba tarawihi cikin jama'a, ba kasuwar buɗa-baki da ake cika tituna da hayaƙin gashi. In yi sahur da ɗumamen shinkafa da ruwan shayi, in wuni hannuna cikin ruwa maƙogwarona a bushe. Rifkatu ta daina cin abinci a gabana, sai in ta ji na ce an sha ruwa ta kawo farantinta.

A makon farko na azumin, Pak Rahim ya kwanta da zazzaɓi. Ya ɗan fita kamu ne don a samu na miya, ya kai saura bakin gaɓa inda ake sayarwa. Ana jin can ya ɗauko. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi. Aka ɗebi gwajin Isa da na matar Pak Rahim, Makcik Salmah, aka ce kada wanda ya fita. Isa ya ce mini shi garau yake. Amma na lura ya daina kirana ta bidiyo, kuma in muna magana sai ya riƙa kashe muryar wayar na ɗan lokaci.

"Me ya sa kake kashewa?"

"Sabis ne."

"Ba sabis ba ne. Tari kake yi."

"Ƙurar ɗakin ce, Hajara."

Ba ya kiran sunana sai magana ta yi nauyi.

Ranar da ba zan manta ba, tun safe garin ya tashi da wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Da hantsi Isa ya kira ya ce yau sakamako zai fito. Kalma biyu, ya tsaya ya ja numfashi, kalma biyu, ya tsaya. Na wuni da waya a hannu ina kira ba ya ɗauka, ina sake kira, ban lura caji yana zubewa ba. Bayan azahar sama ta yi duhu kamar magariba. Na sa wayar a caji ke nan aka yi walƙiya da tsawa a tare, har gilashin taga ya amsa. Fanka ta tsaya. Wayar ta yi ɗan haske ta mutu.

Sai na ji shiru daga ƙasa. Gurnanin injin nan da ya zame mini kamar bugun zuciya, babu shi.

Na sungumi Amal na sauka ina ƙwala wa Rifkatu kira. Da farko tankunan lafiya lau, ruwa ya kwanta sumul ba kumfa. Muka tsaya muna cewa yanzu za a dawo da wuta. Ba a dawo da ita ba. Ruwan sama ya sauko kamar ana juye ganguna a kan kwano, ba ka jin maganar na kusa da kai. Can sai na ga kifin sun fara tasowa, ɗaya, goma, sannan duka, bakunansu a saman ruwa suna buɗewa suna rufewa. Na kalle su, muryar Isa ta ɗazu ta faɗo mini, na kau da kai.

A gida, in kududdufi ya yi zafi kifi ya taso haka, yara kan shiga su yi ta dukan ruwa. Na fizgo kwanonin wanke-wanke na miƙa wa Rifkatu ɗaya.

"Ɗebo ki ɗaga sama ki zubo! Da ƙarfi!"

"Zai yi?"

"Ban sani ba! Zubo!"

Muka shiga ɗiba muna zubowa, daga wannan tanki mu ruga wancan. In ka tsaya a ɗaya na bayanka su taso. Iska tana kaɗo ruwan sama cikin rumfar, muka jiƙe sharkaf, ƙasa ta yi santsi. Amal tana kuka a matakala tana toshe kunne, duk tsawar da aka yi sai ta kira ni, ni kuma ba halin in je. Kafaɗuna suka ɗauki wuta. Ruwa yana bin fuskata yana taɓa leɓena, na datse baki. Ban taɓa jin ƙishirwa irin ta ranar ba, ga ruwa ta sama, ga shi ta ƙasa, ga shi a hannuna.

Na ce wa Rifkatu ta ara mini wayarta in kira Isa. Ta ce, "Faɗi lambar." Na buɗe baki, babu ita a kaina. Lambar mijina, ban taɓa haddace ta ba. Nan ne na fashe da kuka, ina kuka ina ɗiban ruwa.

"Maman Amal, ki zauna ki sha ruwa, za ki faɗi," in ji Rifkatu. "Allah yana gani."

"In na zauna ba zan tashi ba."

Bayanmu akwai lungu, ɗaya gefen kuma gidan abincin mamak ne, na Indiyawa Musulmi, wanda a lokacin ba a zama a ciki sai dai ka saya a ƙulle maka. Ma'aikatansa biyu suna fakewa a ƙofar baya suka hango mu. Ba su tambayi komai ba. Suka shiga suka fito da manyan tukwane, suka tsallako lungun cikin ruwa, suka kama tankunan ƙarshe. Ɗayansu takunkuminsa ya jiƙe ya zame ƙasan haɓa, yana haki, yana aiki. Wallahi a lokacin ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, mutuwar kifin ko numfashin mutumin nan da ya zo taimakona. Na ja mayafina na rufe hanci, na matsa, na ci gaba da zuba ruwa.

Ruwan sama ya tsagaita, wuta ba ta dawo ba. Hannuna ya daina jin kwanon. Wasu kifin suka fara juyawa, farin cikinsu a sama. Mu tsame su mu jefa a roba mu ci gaba. Sai da rana ta kusa faɗuwa, sama ta yi ja ta bayan benaye, muka ji injin ya yi tari ya kama. Kumfa ta taso a tankunan gaba ɗaya. Mutanen nan biyu suka ɗauki tukwanensu, ɗaya ya ɗaga mini hannu ya ce, "Boleh, boleh," wato zai yiwu, suka koma. Ko sunayensu ban tambaya ba.

Na hau matakala da rarrafe na sa waya a caji. Kafin ta kunnu na karanta duk addu'ar da na sani. Saƙon murya guda ne daga Isa. Ya ce yana da cutar, an zo za a tafi da shi, in kula da Amal, kada in ji tsoro. A ƙarshen saƙon ana jin ƙarar rufe ƙofar mota.

Aka sha ruwa ina zaune a ƙasa, jingine da gado. Rifkatu ce ta sa mini kofi a baki. Sannan ta sauka ta haɗo robar waɗanda suka mutu, kusan cike, kowanne ya kai tsawon tafin hannu. Ta tsaya da ita a bakin ƙofa.

"A addininku ya halatta?"

"Kifi ne. Ya halatta."

"To tashi ki nuna mini yadda ake gyara su, don ni ba zan zubar da wannan ba."

Muka fere su, muka soya da ɗan man da ya rage, gishiri da yaji kawai. Amal ta ci da hannu biyu. Ni na ɗauki ɗaya ina jin kamar na ci amana, ina kuma tsoron in sa a baki in ji salam. Na gutsura. Ɗanɗanon ya cika mini baki, zaƙin kifi sabo, irin na gida. Na ci ina hawaye, na ƙara.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya jera su ba. Na san dai akwai lokacin da aka sa wa Isa robar numfashi, ba ya iya magana, sai ya turo mini hoton babban yatsansa a ɗage. Na san ranar da Makcik Salmah ta kira ni, ita da gwajinta ya nuna ba ta da komai, tana magana da Malayanci ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya, har na ji ta yi salati na gane. Pak Rahim ya rasu. Ba a ba ta gawarsa ba, ba ta ga fuskarsa ba. Mutane cikin fararen riguna na roba suka yi masa sutura suka binne shi. Na sauka wurin tankunan na zauna a kan bokiti, na rasa wanda zan yi wa ta'aziyya.

Muka yi Sallah ba Isa. Bayanta aka sallamo shi. Da ya sauko daga motar da ta kawo shi, wandonsa yana neman faɗuwa, Amal ta ɓuya a bayana. Hawa benen nan sai da ya huta a tsakiya. Amma kafin ya hau, sai da ya zagaya baya ya tsaya a kan tankunan ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sun yi girma."

Yanzu baƙi sun dawo. Isa da babban ɗan Pak Rahim ne ke fita da jirgin. Bakau ɗin da aka kafa ya fi mutum tsawo. Injin iska yana da batir ɗinsa, in wuta ta ɗauke ko sani ba a yi. Rifkatu ta gama ta koma Kafanchan, tana koyarwa, har yau in ta kira ni sai ta ce yaya 'ya'yanmu. Baƙi kan tsuguna a gaɓa da bokitinsu suna dariya ana ɗaukarsu hoto, wasu su tambayi ko renon kifin yana da wuya. Isa yakan ce musu a'a, ba sosai ba.

Waɗancan kifin kuwa ba baƙon da ya sake su. Da aka buɗe hanyoyi muka ɗura su a manyan ledoji da iska, muka ɗauki hayar ƙaramar motar kaya, ni da Isa da Amal da Rifkatu. Gidan Pak Rahim yana kan dogayen ƙafafu na katako, bayansa matakala tana sauka har cikin kogi. Makcik Salmah tana takaba, ba ta fita ko'ina, amma matakalar ta gidanta ce. Ta sauko a hankali cikin farin mayafi ta zauna a ta ƙarshe, ƙafafunta cikin ruwa.

Isa ya ajiye ledojin a kan ruwa suka ɗan jima suna yawo, ya riƙa zuba musu ruwan kogin kaɗan-kaɗan don su saba da gishirinsa. Sannan ya kwance ta farko ya tura mata. Ta sa hannu biyu ta kamo ɗaya, ta ɗaga shi tana dubawa, yana mutsu-mutsu. Ta daɗe ba ta sake shi ba. Can ta sauke hannun cikin ruwa ta buɗe. Ya tsaya cak kamar bai yarda ba, sannan ya kaɗa wutsiya ya shige cikin saiwoyin bakau. Muka kwance sauran.

Da aka gama ta juyo ta yi mini magana, Isa yana fassarawa.

"Ta ce ta ji labarin ranar da wuta ta ɗauke. Ta ce an ce wasu sun mutu."

"Ka ce mata e, ta yi haƙuri. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

"Ta ce me kuka yi da su?"

Na kalli Rifkatu, Rifkatu ta kalli sama. Na sunkuyar da kai na ce, "Ka ce mata mun soya mun ci."

Makcik Salmah ta dube ni. Sai ta matso da kanta kusa, ta yi tambaya a hankali, kalma ɗaya, wadda ko ni na gane ba sai an fassara ba. Da daɗi?

"Da daɗi ƙwarai, Makcik," na ce.

Ta kai gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka take yi. Dariya ce. Ɗanta da ke tsaye a saman matakala ya juya mana baya yana goge ido. Daga baya ya gaya wa Isa cewa tun ranar da motar asibiti ta tafi da mahaifinsa bai ji wannan sautin a gidan ba. Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta, ta riƙe ni gam, muka hau tare.